Biran Dajin Azru

Duk ƙarshen kaka nakan hau dajin da ke saman garinmu, Azru, in ɗauki hotuna kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Na daɗe ina wannan sana'a, har na fara gundura da aikina. Ganyen da ya yi ja a bara shi ne ya yi ja bana, dogayen itatuwan al'ul kuwa ko a jikinsu. Nakan duba hotunan in ga ba abin da suke faɗa mini.

A wannan shekarar, Baba Hammu ne ya raka ni. Maƙwabcinmu ne, tsohon mai gadin daji, kuma shi ke da motar da ke iya hawan duwatsun.

"Tuda, 'yata," ya ce yana tuƙi, "ke dai ba kya gajiya da birai. Da kin tsaya a kasuwa kin ɗauki surukina, ai da an huta da sanyin nan. Kamanninsu ɗaya."

"Zan gaya masa, Baba."

"Gaya masa mana. Shi ma ya sani."

Muka ajiye motar inda makiyaya ke kafa tantunansu da rani. Duk sun sauka kwari da tumakinsu, sai duwatsun murhu da suka yi baƙi. Muka ci burodi da man zaitun, muka kora da shayi, sannan muka shiga daji da ƙafa.

Bayan azahar hazo ya sauko, fari fat, mai jiƙa fuska. Iska ta tsaya cak. Na lura ko tsuntsu ɗaya ba ya kuka. Muna fitowa wani ɗan fili sai ga birai a ƙasa, garke guda, manya da ƙanana. Birin dajinmu ba ya zama wuri ɗaya, in bai fizge maka jaka ba zai bi ka da roƙo. Waɗannan kuwa suna zaune a jere, hannuwa a kan gwiwa, ba mai motsi.

Na durƙusa na ɗaga kyamara. Da na leƙa ta ciki na ga ba ni suke kallo ba. Idanunsu na can bayana, sama da kafaɗata. Na danna sau ɗaya, ƙarar ta fito kamar an karya ƙashi.

Sai na ji an kira ni.

"Tutu! Tutuuu!"

Mahaifiyata kaɗai ke kirana da wannan suna. Muryarta ce sak, har da yadda take jan ƙarshen in ta gaji da nemana. Kuma a gida na baro ta da safe, tana fama da ciwon gwiwa, ko matakala ba ta iya hawa.

Na buɗe baki zan ce na'am, Baba Hammu ya damƙe mini hannu.

"Kada ki amsa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kada ki waiwaya."

"Baba, Inna ce fa."

"Na ji ta. Mu tafi."

Muka ratsa ta gefen biran, ba wanda ya kauce mana. Kiran ya biyo mu har bakin mota, wani lokaci daga nesa, wani lokaci kamar a bayan kunnena. Baba Hammu yana ta karanta addu'a, bai tsaya ba sai da muka hango rufin gidajen gari. A lokacin ne dusar farko ta fara zuba.

Na shiga gida da gudu. Inna na zaune kusa da murhu, tana juya miyar harira.

"Au, kin dawo, marar kunya?" ta ce.

"Me na yi, Inna?"

"Barci ya ɗan sace ni bayan salla. Na gan ki a cikin itatuwa, kin durƙusa, kin ba ni baya. Na yi kira har maƙogwarona ya bushe. Ke da wannan tsohon kuka yi tafiyarku kamar ba ku san ni ba."

Ta miƙo mini kwano. Gefen zanenta a jiƙe yake. Na tambaya, ta ce wataƙila ruwan alwala ne.

Duk hunturun ban taɓa kyamara ba. Hoton nan guda na buga na jingine shi a ɗakina, fuskarsa na kallon bango. Da ƙanƙara ta narke, Inna ta matsa sai an kai ta dajin, ita da a cikin gari aka haife ta, ba ta taɓa hawa can ba. Baba Hammu ya ƙi, ya sake ƙi, daga baya ya ba da kai.

Da muka isa, ba ta jira mu nuna mata hanya ba. Ta dogara sandarta ta shiga gaba, muna biye, har filin. Ta wuce inda na durƙusa, ta je gindin wani busasshen itace ta tsaya, ta juyo.

"A nan nake," ta ce. Ta dubi gefenta na dama. "Amma ba ni kaɗai ba ce. Wadda ke tsaye a nan ita ta ce in kira ki."