Waiwayen Janar Mukelabai

Hazo yana tashi daga kogin Zambezi kamar numfashin mai barci, sa'ad da Janar Mukelabai mai ritaya ya tuɓe takalmansa a gaɓa. Rabonsa da riƙe filafili shekara talatin da takwas.

Dokar tseren kwale-kwale ta girmi duk wanda ke shiga cikinsa. Matuƙa huɗu kan zauna sun ba inda za su baya, jagora kaɗai ke duban gaba. Magabata sun ce waiwaye adon tafiya, amma ba a kan ruwa suka faɗa ba, domin wanda ya juya wuya ya karkata jirgi.

Mukelabai ya taɓa juyawa. Yana saurayi, saura tuƙi biyar su ɗauki kofi, ya waiga don ya ga tutar ƙarshe. Filafilinsa ya nutse, 'yan jirgin garin Kafue suka wuce su da kamu ɗaya. Bayan wata biyu ya shiga soja. Ya ja bataliya, ya ja runduna, bai ƙara barin wani ya duba masa hanya ba. Amma a mafarki har yanzu tuƙi biyar ɗin nan yake yi.

Yau tseren dattawa ne, mai kujera ta uku kuma ya rasu bara. Mukelabai ya roƙi kujerar a wurin Akufuna, jagoransu na dā, wanda yanzu ke sayar da busasshen kifi a kasuwar Maramba. Sauran matuƙa ukun suka ce ba sa shiga jirgi da mai wuyan mujiya.

"Janar, a nan ni ne mai taurari a kafaɗa," in ji Akufuna. "Ka waiga sau ɗaya, ka koma gida da iyo."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Da sauran suka ji Janar ya rusuna wa mai kifi, sai suka yi dariya suka matsa masa.

Aka fara tsere, suka haura kogin. Mukelabai ya kafa ido a kan farin hayaƙin da ke tashi can nesa, inda ruwan kogin ke faɗawa kwazazzabon Mosi-oa-Tunya. Muryar Akufuna na ƙirga tuƙi, ruwa na zamewa kamar mai, tsibirai na ja da baya ɗaya bayan ɗaya. Ya ga kamar furfurar abokansa tana komawa baƙa.

Sai dorina ta yi gurnani a bayansa, kusa ƙwarai. Jijiyar wuyansa ta motsa. Shekara talatin da takwas na ba da umarni suka taru a ƙeyarsa suna cewa ya duba. Ya runtse ido, ya ja filafili. Jirgin ya ɗan kauce hagu, ya miƙe. Biyar, huɗu, uku.

Na biyu suka zo. Babu wanda ya damu.

A gaɓa ya miƙa hannu don ya taimaki Akufuna fita. Tsohon ya lalubi iska sau biyu kafin ya kama. Sai a lokacin Janar ya ga farar yanar da ta rufe idanunsa duka biyu.

"Tun yaushe?"

"Shekara uku. Su sun sani, da kunne nake gane hanya." Akufuna ya karkata kunne wajen kogin. "Babba ce dorinar?"

"Ban gan ta ba," in ji Mukelabai.