Farantin Sarkin da Bai Ci a Ciki Ba

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya. In kun ga kuskure ku tsallake shi.

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik ina karatu a Guangzhou, sai Gwaggo Ladidi ta zo daga Kano sayen kayan jeren 'yarta. Duk wanda ta gamu da shi a masauki sai ta ce masa, "Saudat ɗinmu ta haddace littattafan Turawa kaf." Ni da ko gaisuwa sai na yi gumi.

A wani shago a titin Liuhua Lu ta ga farantai farare masu bakin zinariya, kowanne da zanen hular sarauta. Mai shagon, Basine, ya dage cewa tsofaffin kayan fadar wani sarkin Faransa ne. Hajiya Balkissa, 'yar Nijar da muka fito tare, tuni ta rungume kwanon miya.

Gwaggo ta miƙa hannu, sai kuma ta janye. "Tsaya. Sarkin nan ai naman alade yake ci. A ciki zan zuba wa surukina tuwo?"

Na fassara masa. Ya ce da sauri, "Sabo ne! Jiya aka yi!"

"To in sabo ne, ina sarkin?" in ji Gwaggo.

"Tsoho ne! Na sarki!"

Gwaggo ta juyo. "Saudat, ke ce mai littafi. Wane sarki ne? Ya ci a ciki ko bai ci ba?"

Na juya farantin. Harafi ɗaya ne a ƙasa, sai wata shekara da ta goge. Sarakunan da na karanta suka cakuɗe a kaina, wanda aka kora, wanda ya dawo, wanda na manta ma ko na Faransa ne. In na ce ban sani ba, gobe duk masauki sun ji, jibi Kano.

"Na sarki ne, Gwaggo," na ce. "An yi masa, amma aka tumɓuke shi kafin ya ci a ciki."

Har yau ban san inda na samo wannan ba.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Hajiya Balkissa ta ƙara ƙanƙame kwanon. "Ni fa na fara riƙewa, Hajiya."

"Kwano ɗaya kika riƙe, ni na kawo malamar!"

Mai shagon ya dube su, ya shige ciki. Ya jawo kwali, ya koma ya jawo wani, har shida. Farantai iri ɗaya, hula iri ɗaya, harafi iri ɗaya.

"Ikon Allah," in ji Hajiya Balkissa. "Wannan sarki duk garin ya yi niyyar ciyarwa?"

Gwaggo ta tsuguna tana leƙa kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Na ajiye farantin a hankali don kada ya yi ƙara, na bi bayan wani mai tura kaya na fice.