Sai Sanyi Ya Sake Shi

Babanmu tsohon mai ɗaukar hoto ne, kuma wajen taurin kai ba na biyunsa. Shekara goma sha biyar yana ajiye da wata 'yar robar fim a can ƙasan firiza, ƙarƙashin nama. Wa'adin fim ɗin ya wuce tun ina sakandare. Sau nawa na ce zan zubar? Sai ya ce in taɓa in gani.

Ranar Talata da hantsi sai ga Baffa, ƙaninsa. Shekara tara ba sa ga maciji, kan wata magana da har yau ba wanda ya gaya mana. Jibi za a yi masa aikin zuciya, ya ce min sallama kawai ya zo yi. Ko zama bai yi ba, makullin mota na hannunsa. Na san in ya fita a haka, shi ke nan.

Baba bai ce masa sannu ba. Ni ya duba. "Ɗauko min fim ɗin nan."

Na kawo, na kai hannu zan ɓalle murfin, ya daka min tsawa.

"Ke! Yana shaƙar iskar ɗakin nan zai yi gumi ya lalace. Sai sanyi ya sake shi."

"Har yaushe, Yaya?" in ji Baffa. Maganarsa ta farko ke nan gare shi.

"Awa huɗu."

Haba! Na ce, "Baba, ga waya a hannuna, in hoto ne yanzu-yanzu an gama." Ya watsa min harara, na ja bakina na koma kicin.

Baffa ya zauna a bakin kujera. Awa ta farko ba abin da nake ji sai ƙarar fanka. A ta biyu suka fara musu kan wanda ya fasa rediyon mahaifinsu. Can sai na ji dariya har da tari. Wallahi kuka na yi a bayan labule, don daɗi.

Da lokaci ya cika, Baba ya ɗora fim ɗin a tsohuwar kyamararsa, yatsun nan ko rawa babu. Ya buɗe mata ido sosai, ya ce fim in ya tsufa haske yake so da yawa. Ya zaunar da Baffa kusa da taga, ya zauna gefensa, ni na danna.

Bayan mako guda na je karɓo hotunan wurin mai wankin hoto, wanda a hannun Baba ya koyi aiki. Sun fito da ɗan kore-kore da tsaki-tsaki, amma ga su nan, hannun Baffa a kafaɗar yayansa. Ina ta ba mai wankin labarin zaman awa huɗu, sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Awa huɗu? 'Yar wannan robar ai awa ɗaya da rabi ta ishe ta. Babanki ne ma ya koya min."