Barcin Rana a Gyadi-Gyadi

Alhaji Baballe na dukan ƙofar maɗaba'arsa da takalmi, mutanen Gyadi-Gyadi sun taru suna kallo. A ciki kuwa Mu'azu ya sa sakata, ya miƙe kan tulin takardu yana sharar barci.

Mu'azu ɗalibi ne daga Damagaram ta Nijar. Ya tsallako Kano aikin hutun damina, a ɗakin bayan shagon ma yake kwana. A garinsu rana na take tsaka ake rufe ofis da kanti, kowa ya je ya kishingiɗa. Ba wanda ya gaya masa Kano ba ta san wannan ba. Ga shi soja sun koma bariki, duk wanda ya ci zaɓe so yake a buga masa fostar godiya. Yau sabon kansila daga Tarauni ya zo da kansa, ya tarar da ƙofa a garƙame, ya sha rana har ya gaji, ya tafi da aikinsa wani wuri.

Da Mu'azu ya buɗe, sai ya miƙa wa Alhaji hannu daga tsaye, yadda ake gaida shugaban ofis a can. Mai shayin bakin titi ya yi salati. Alhaji ya dubi hannun kamar an miƙo masa kunama.

Audu mai yankan takarda, da dawowarsa ke nan daga aike, ya raɗa wa Mu'azu cewa a nan yaro ba ya ba ubangidansa hannu, ya zube ƙasa kawai a wuce wurin. Alhaji ma bai ja zance ba. Ya ce ko dai Mu'azu ya durƙusa gaban jama'a ya ce ya tuba, ko ya kwashe kayansa kafin la'asar.

Mu'azu ba shi da kowa a Kano, ga hadari ya haɗo daga gabas. Ya dubi ƙasar, ya dubi masu kallo.

"Alhaji, laifin ƙofa nawa ne, ka yi haƙuri, ba zan ƙara rufewa ba. Amma gwiwata ba ta cikin aikin da ka ɗauke ni."

"To ɗauki gwiwar taka ka kai ta Damagaram."

Mu'azu ya ajiye makulli kan injin, ya shiga ya rataya jakarsa. Audu na jan rigarsa, ya fizge.

Yana saka ƙafa waje wani babur ya tsaya, ya tare masa hanya. Mutumin da ke kai sanye da kakin jami'an shige-da-fice ya cire tabarau, ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

"Wane ne ɗan Nijar ɗin da aka ce yana aiki a nan? Ya fito da takardunsa."