Filin Gareji

Kawu bakanike yana ƙarƙashin wata tsohuwar mota, yana fama da notin da ya ƙi kwancewa, sai rediyon da ke kan benci ya faɗi sakamakon ƙuri'ar raba gardama. Masu "e" sun yi rinjaye: za a tashi garejin unguwa, a gina asibitin haihuwa a filin.

Ya fito yana goge hannu da tsumma. Dogo mai walda, abokin aikinsa, ya yi jifa da tabarau.

"Wallahi ba inda za mu! Mu tare hanya kamar wancan karon."

Wancan karon hukuma ce ta turo katafila ba ko sallama. Kawu ya kwanta a gabanta, aka kwashe shi sai ofishin 'yan sanda, kuma har gobe yana bugun ƙirji da labarin.

"Wancan karon wasu ne suka ƙulle ofis suka yanke mana hukunci," in ji Kawu. "Yau gaban wa zan kwanta? Telan da ke min ɗinki? Na hau bencin nan na yi magana har muryata ta dushe, kowa ya saurara. Sun ji, sun ƙi."

Bakinsa ne ya faɗa, amma zuciyarsa kamar an ɗora mata dutse. A filin nan ya koyi riƙe sifana, a nan gashinsa ya yi fari.

Da rana ya koma gida, ya tarar da matarsa tana wanki a tsakar gida. Ya zauna a bakin rijiya.

"Sun kayar da mu."

Ba ta ɗago ba. "Baban yara, ni 'e' na dangwala."

Ya bi ta da kallo. Bara ne 'yarsu ta fari ta haihu a bayan mota, a hanyar babban asibiti mai nisa, jaririn bai zo da rai ba. Tun daga ranar ba wanda ya sake tayar da zancen a gidan.

"Ai da kin faɗa min."

"Ka taɓa tambayata? Masu shirya ƙuri'a ne suka tambaya."

Ta ciro zanen gado daga ruwa, ya yi mata nauyi. Ya miƙe ya kama ɗaya gefen, suka shiga matsewa.