Mai Jan Igiya a Gonarmu

A Paya Ubit ba a dasa shinkafa yadda mutum ya ga dama. Sai an yanka akuya a bakin madatsar ruwa, an ci, an yi addu'a, sannan Apa Leman mai rabon ruwa ya faɗi ranar da kowa zai shiga laka. Dalilin a fili yake. In gonaki suka nuna tare, tsuntsaye sukan rarrabu, kowa a ɗan taɓa masa, ba wanda zai yi kuka.

Mu a waccan shekarar mun makara, ba kuma da gangan ba. Dodon-koɗi ne ya shiga irin da muka yafa, kafin mu farga ya lashe shi tas, sai da muka sake yafa wani. Ranar da muke dashe, shinkafar maƙwabta ta kai gwiwa. Apa Leman ya tsaya a kan kunya ya daɗe yana kallonmu, ni da kakata Nek Sapiah, sannan ya ce, "Nek, bana alhazai a gonarki za su yi walima."

Alhazai muke ce wa ƙananan tsuntsayen nan masu farin kai, don kamar sun sa hular dawowa daga Makka.

Nek ta tofar da jan yawun ranub, ganyen da take taunawa tun kafin a haifi ubana, ta ce, "Su zo. Ba su fi ni sammako ba."

Mu biyu ne a gidan. Ubana ya rasu ina goye, uwata ta yi aure a birnin Medan, Nek ce ta raine ni. Gonar nan ɗaya ita ce cinmu na shekara, ba mu da wata.

Kowa ya girbe tasa ya kai gida. Aka saki ɓaunayen gari suna kiwo a cikin kututturen kara. Fadamar ta zama fili fetal, sai gonarmu kaɗai a tsakiya tana shirin yin ruwan ɗorawa, kamar tabarmar da aka manta a waje. Na kakkafa gora a kewaye, na ɗaura igiyoyi daga kowace kusurwa zuwa 'yar rumfar gadinmu mai dogayen ƙafafu, na rataya gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki. Nek takan hau rumfar tun gari bai gama wayewa ba, ta zauna a gindin turken da igiyoyin suka haɗu. In garken alhazai ya taso daga gabas ta fizgi ta gabas, in daga wajen rafi ne ta fizgi ta rafi. Ni aikina gyaran shinge, saboda ɓaunaye.

Wata Alhamis da hantsi na ji gwangwanayen sun yi shiru. Na ɗaga kai na ga tsuntsaye sun sauka baƙi ƙirin. Da na hau rumfar na sami Nek a kife, bakinta ya karkace. Na goyo ta har gida, ba ta fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba. Ma'aikaciyar jinya ta zo a babur ta duba ta, ta ce ɓarin hagu ne ya shanye, a riƙa ba ta magani da ruwa da kunun shinkafa, sauran kuma na Allah ne. Ƙanwar ubana, Cek Rohani, ta naɗo tabarmarta ta dawo gidanmu jinya.

Washegari Juma'a ce, mu kuwa ba a shiga gona ranar Juma'a sai an sauko daga masallaci. Na zauna a sahu, liman yana huɗuba, ni zuciyata tana can tana ƙirga zangarniya. Da aka sallame na fito ina neman takalmina, sai na ji gwangwanayen. Kwaram, kwaram, daga can tsakiyar fadama. Su yi shiru, su sake.

Ba ni kaɗai na ji ba, don na ga mutane suna waiwaye. Apa Leman ya matso kusa da ni ya ce, "Muksal, wa ka bari a rumfa?"

"Ba kowa, Apa."

Ya dubi bishiyoyin kwakwa na bakin masallaci. Ko ganye ɗaya ba ya motsi. Ya ce, "To, iska ce," ya sa takalminsa ya tafi.

Ban yi sauri ba. Na bi kunya a hankali, rana tana dukan ƙeyata, ɓaunaye suna kwance a cikin taɓo suna bina da ido. Na ɗauka ko wani yaro ne ya ji tausayinmu. Na hau tsanin rumfar na leƙa. Ba kowa, sai tabarmar Nek da akwatin ranub ɗinta a inda ta bar shi. Ina tsaye sai garke ya taso daga wajen rafi. Kafin in miƙa hannu, igiyar rafi ta miƙe ta yi tauri, ta fizgu sau biyu, gwangwanaye suka ɗauka, tsuntsayen suka karkata suka wuce. Igiyar ta saki, ta ci gaba da lilo kaɗan kaɗan.

Na yi sallama, don ban san abin da zan ce ba. Ba a amsa ba. Na zauna a bakin tsani, ban hau tabarmar ba. Har la'asar ban ja igiya ko sau ɗaya ba. Duk wadda na kai wa hannu sai in tarar an riga ni.

Da magariba na koma gida na tarar da Cek Rohani a kan matakala, ta rafka tagumi. Ta ce, "Gam, zo ka ga kakarka." Gam suke kirana a gida, yadda ake kiran kowane ɗa namiji.

Nek tana kwance idonta a rufe, hannun dama a kan ƙirji. Cek ta buɗe tafin ta haska min da fitila. Wani jan layi ya ratsa shi, fatar ta fara saɓulewa.

"Wuni ta yi tana dunƙule hannu tana fizgar iska," in ji Cek. "Na kai cokali bakinta, haƙora a datse. Sai da rana ta faɗi hannun ya sauka, sannan ta haɗiyi cokali biyu. Me take ja?"

Na gaya mata abin da na gani. Ta ce, "Tsohuwar nan ko Mala'ikan mutuwa ne ya zo, sai ta ce ya jira a girbe." Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da gefen mayafi.

Kashegari ban fita da wuri ba, na zauna kusa da Nek don in gani da idona. Gari yana fara haske, lokacin da tsuntsaye ke barin kwana, sai yatsunta suka naɗe kamar an sa mata abu a ciki. Ta fizga. Na kasa kunne, sai ga ƙarar can nesa, siririya. Na kama wuyan hannunta a hankali. Wallahi akwai nauyi a ɗaya ƙarshen. Wanda ya taɓa jan doguwar igiya da raɓa ta jiƙa ya san wannan nauyin.

Na sunkuya a kunnenta na ce, "Nek, ni ne. Ki huta, zan je in zauna a rumfar, ba zan yi gyangyaɗi ba."

Ta sake fizga.

Cek ta gwada ɗaure hannun da ɗankwali a jikin ƙafar gado. Gwangwanayen suka yi shiru, amma sai Nek ta fara wani nishi, jijiyoyin wuyanta suka tashi, gumi ya keto mata. Ba mu iya kallo ba, muka kwance.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Gonar tana ƙara kyau, zangarniya tana sunkuyawa, tsuntsu ɗaya bai samu ya sauka ba. Nek kuwa tana ƙarewa. Leɓenta ya tsage, idonta ya faɗa, tsumman da muke naɗe mata tafi kullum sai an canza shi saboda jini. Mutanen gari suka daina bin hanyar fadama da rana. Mata suna kawo mana miyar kwakwa da busasshen kifi, su ajiye a matakala, su tambayi jiki, ba mai tambayar gona.

Na murza ƙwayar shinkafa tsakanin yatsuna, farin ruwa ya fito. Ba ta ƙosa ba, in aka yanka yanzu ƙaiƙayi za a kwasa. Na je na sami Apa Leman a shagon gahawa, ya ja ni gefe ya sa aka kawo min kofi ɗaya.

"Apa, saura kamar mako kafin ta yanku. Nek ba za ta kai ba."

"Na ji."

"In na yanke igiyoyin fa?"

Ya juya kofinsa a kan faranti. "Ni ruwa nake rabawa, Muksal. In na toshe wa mutum, na san inda ruwan zai koma. Wannan ban san inda zai koma ba. Tana iya dawowa gida, tana iya wucewa gaba. Abin da na sani, kai kaɗai ba ka iya tare alhazan fadamar nan duka da baki."

Cek Rohani ma ba ta goyi baya ba. Ta ce, "Me za ku ci? Ni da 'ya'ya biyar, ka san abin da ke rumbuna. Kuma ka san halinta. In ta farka ta ji ka ba tsuntsaye shinkafarta, gara maka ka koma Medan wajen uwarka."

"In ta farka ai shi ke nan, Cek."

Ta dube ni, ta dubi Nek, ta ci gaba da matse tsumma a cikin kwano.

Da hantsi na ɗauki lauje na tafi. Rana ta fara zafi, sararin ya yi fari. Tsuntsayen sun jeru a kan shinge da rassan bishiyoyin bakin rafi, ba sa kuka, suna jira kawai. Na hau rumfar, wannan karon na durƙusa a gefen tabarmar. Na yanke ta yamma, ta faɗi cikin shinkafa. Na yanke ta arewa. Sauran suka shiga fizga gaba ɗaya, ba tsuntsu a sama, ba komai, rumfar har rawa take. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har saura ta rafi. Da na kama ta sai aka ja, na ja, aka sake ja da ƙarfi har ta ƙone min yatsu. Haka Nek take fizge kunnena ina yaro in na ƙi wanka.

Na ce, "Nek, ki yi haƙuri. Ki tafi gida ki sha ruwa."

Na sa lauje.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ko ɓaunaye sun daina tuƙa. Sai na ji kamar ana zazzage yashi daga sama, ashe fukafukai ne. Na diro, na kwance zanen da ke ƙuguna na ɗaura a gora, na shiga gudu a kan kunya ina kaɗawa ina ihu. In na kore su nan su sauka can. Na faɗa taɓo na tashi, na sake faɗawa. Kafin la'asar muryata ta tafi.

Ban san abin da zan tarar a gida ba. Tun daga nesa nake duba ko akwai takalman mutane a gindin matakala, irin na gidan rasuwa. Na Cek kaɗai na gani.

Nek tana jingine da matashi, hannun a buɗe a kan cinyarta. Cek ta ce tun da hantsi hannun ya faɗi, da azahar ta shanye rabin kofin kunu. Idonta na dama a buɗe yake, shi ya bi ni tun daga ƙofa har na durƙusa. Harshenta ya yi nauyi, sai da na kai kunne.

"Wa... ya taɓa min igiya?"

"Ni ne, Nek."

Ta juyar da fuska wajen bango.

Sauran kwanakin ni da 'ya'yan Cek muka yi ta fama da gora da tsumma. Apa Leman ma ya zo rana ɗaya da tsohon kwano yana bugawa. Abin da muka yanka bai kai rabin rabin na bara ba. Na samu aikin tsinkar barkono a gonar wani a kan tudu, da shi muke cikawa.

Nek ba ta yi min magana ba duk tsawon lokacin. In na kawo cokali sai ta datse baki, sai Cek ta karɓa. Ranar da aka sussuke sabuwar shinkafar, Cek ta koma gidanta don ƙaramin ɗanta ba lafiya. Ni na dama kunun da kaina, na zauna a gabanta da kwano. Na daɗe riƙe da cokalin har hannuna ya gaji. Can ta buɗe baki. Ta juya shi a harshe, ta haɗiye.

"Ya yi ruwa," ta ce.

Na ƙara ɗebo wani.