Tela Ya Ɗinka wa Wayoyi Riga

Da Tela ya sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya, burinsa ya mayar da bayanta shagon ɗinki mai yawo: keken ɗinki a tsakiya, kantocin yadi hagu da dama. Aikin haɗa kantocin ya ba ƙanin matarsa, mai walda, wanda kowa ke kira Tartsatsi.

Tartsatsi ya leƙa cikin motar, ya nuna wani damin wayoyi da ya bi jikin bango har zuwa fitilun baya.

"Yaya, ka ga waɗannan? Ba sa shiri da zafi. Gobe zan cire kan batir, kai kuma ka zo da buhun algarara, mu jiƙa shi sharkaf mu rufe su."

Tela ya ce to, amma abin ya tsaya masa a rai. Buhu? A shagonsa? Shi da ko tsumman goge keke sai ya yi masa kalmasa? Yana komawa gida ya zaro ragowar wani yadi mai santsi da ƙyalli, ruwan hoda, ya ɗinka wa wayoyin doguwar riga har da maɓallai.

Washegari Tartsatsi ya ɗaga rigar yana juyawa.

"Yaya, suna za a yi wa wayoyin?"

"Kai dai yi waldarka. Ka san ƙarfe, ni na san yadi."

Aka ɓalla wa wayoyi riga, aka watsa mata ruwa. Ruwan ya zame ya bar ta ƙayau, amma Tela bai kula ba, yana can yana gyara zaman maɓalli. Tartsatsi ya rufe fuska ya fara aiki. Can sai wani ƙauri ya tashi. Kafin su ankara rigar ta narke ta manne da wayoyin, ta zama baƙin dunƙule. Maɓallan ne kaɗai suka tsira.

"Wataƙila daga waje ne kawai," in ji Tela, murya ƙasa-ƙasa.

Aka mayar da kan batir. Mota ta tashi lafiya lau. Tela ya yi ajiyar zuciya, ya taka birki, sai hon ya ce ƁAAAM! Ya ɗaga ƙafa, shiru. Ya sake takawa, ƁAAAM!

Ba yadda suka iya, sai wurin mai gyaran wayarin. Tela ya ja motar a hankali, yana addu'ar kada komai ya gitta masa. Sun kusa shan kwana sai ga wani dattijo a kan keke a gabansu, yana tafiyarsa a tsanake. Tartsatsi ya ƙura ido, sai ya sulale ƙasan kujera.

"Yaya, Baba ne!"

Surukin Tela ne, mutumin da ko ido ba ya iya haɗawa da shi. Don girmamawa Tela ya taka birki. ƁAAAM! Dattijo ya zabura, keke ya yi tangal-tangal. Tela ya ruɗe ya ƙara danne birkin, hon ya kama kururuwa ba tsayawa. Masu shaguna suka firfito. Wata mata ta ce, "Kai direba, ba ka da iyaye ne?"

Dattijo ya jingine keke ya tako. Tela ya kashe mota, ya diro ya durƙusa a kan kwalta, gumi na tsatsafo masa.

"Baba, barka da rana. Wallahi ba ni ba ne, birki ne."

"Birki ne ke yi mini ihu?"

Tela ya yi bayani tun daga buhu har maɓallai, kansa a ƙasa. Dattijo ya leƙa, ya hango ɗansa a ƙudundune, ya ce ya fito ya saka masa keke a baya. Sannan ya hau kujerar gaba ya gyara zama.

"Mu je in gani da idona."

Suka kama hanya. Duk birkin da Tela ya taka, hon ya tsala ihu, dattijo ya ɗaga wa mutanen bakin titi hannu, su kuma su amsa da "Sannu Baba!" Tun yana murmushi har ya koma ƙyaƙyata dariya. Da suka iso bakin garejin mai wayarin, sai ya dafa kafaɗar Tela.

"Kada ka tsaya tukuna. Zaga da ni ta layin abokaina."